Filin Sana'o'inmu: Kamun Kifi Inda Kogi Ke Karo da Dutse

Da niyyarmu mu ƙarasa zancen jima da dukanci da muka faro a fitowar da ta gabata, sai ga takarda daga wata uwargida a Adjamé, wadda ta sa dole muka ɗage waccan magana zuwa wani jiƙon. Ta ce ɗanta na fari, mai shekara 16, ya ɗauki ɗabi'ar zuwa bakin lagin da fatsa, shi da abokansa, duk ranar da babu makaranta. Yanzu kuma sun ƙulla shawarar tafiya Tiassalé idan an ba da dogon hutu, domin sun ji labarin cewa a gindin duwatsun kogin Bandama ake kama manyan kifaye. Mahaifin yaron ya ce a ƙyale shi, ai namiji ne. Ita kuwa tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idonta. Tambayarta ita ce, ta tsaya kai da fata ta hana shi, ko kuwa ta sa masa albarka ya tafi?

Ba mu da hurumin yanke hukunci tsakanin maigida da uwargida a kan ɗansu. Abin da za mu iya shi ne mu bayyana yadda wannan sana'a take, domin duk shawarar da za a yanke a yanke ta da sani. Kasancewar mu kanmu ba 'ya'yan ruwa ba ne, sai muka taka zuwa wurin wani dattijo a nan Arras, Basarke daga yankin Gaya, wanda ya tashi a cikin kwalekwalen mahaifinsa kafin neman abinci ya kawo shi Abijan tun zamanin Houphouët-Boigny. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa, daga baya ya kafa teburin garba, wato acheke da soyayyen kifin tuna, abincin da ake cewa daga sunanmu na Garba ya samo nasa sunan saboda 'yan Nijar ne suka yi fice wajen sayar da shi. Ya yi mana dariya ya ce ya shekara talatin yana soya kifin da bai san ruwan da ya fito ba, alhali a gida ko da ido rufe in aka miƙa masa kifi zai faɗi gurbin da aka ciro shi. Yawancin abin da za a karanta a ƙasa daga bakinsa muka ji, sauran kuma daga abin da masana harkar ruwa suka tabbatar.

Da farko dai, kada uwargida ta ɗauka ɗanta ya kwaso baƙon abu. Su sana'a ce ta iyaye da kakanni. Sarkawa da Kabawa sun daɗe suna bin kogin Kwara da gulbin Kabi tun zamanin Kanta a ƙarni na 16, kuma har gobe akwai sarautar Sarkin Ruwa a garuruwan bakin kogi. Kowa ya san bikin Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. A can dubban masunta ke afkawa Matan Fada da homa da gora, kuma a 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75. Sai dai fa su irin na Argungu su ne na ruwan kwance, wanda aka hana taɓawa tsawon shekara, ga mutane ko'ina, ga masu ceto a cikin jirage. Abin da yaran nan suke shirin yi wani fanni ne dabam, wato kamun kifi a inda kogi ke gangarowa da gudu a kan duwatsu, wurin da masu Faransanci ke kira rapides, mu kuwa a nan za mu kira shi magangara.

Magangarar da ta fi suna a ƙasashenmu ita ce ta Bussa, ƙasa da Yauri. A nan ne Baturen nan ɗan yawon bincike, Mungo Park, ya halaka a farkon 1806, bayan ya biyo kogin tun daga ƙasar Mali ta yau. Daga Bussa ɗin ne kuma Richard Lander da ƙaninsa John suka kama hanya a 1830 har suka gano inda Kwara ke faɗawa teku. Yau duk wanda ya je neman waɗannan duwatsu ba zai gan su ba, domin tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968 tafki ya shanye su, ya shanye tsohon garin Bussa da tsibiran Gungawa masu yawa, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. Tare da duwatsun nan wani ilmi ya nutse, na mutanen da suka san kowane lungu da sunansa. A ɓangaren Nijar kuwa akwai sauran irin wannan ruwa a wajen Ayorou da Labbezanga, kan iyaka da Mali.

A nan Kodebuwa ma labarin bai sha bamban ba. Manyan kogunan ƙasar, Comoé da Bandama da Sassandra, cike suke da magangara, shi ya sa jiragen Turawan farko ba su iya yin nisa a cikinsu ba. Marcel Treich-Laplène, wanda aka sa wa Treichville sunansa, ta Comoé suka gangaro shi da Binger daga Kong zuwa Grand-Bassam a 1889, kuma sun sha fama da duwatsunta. Daga baya aka datse Bandama a Kossou a farkon shekarun 1970, aka sake datse shi a Taabo a 1979, aka datse Sassandra a Buyo a 1980 da kuma Soubré a 2017. A riƙe sunan Taabo, za mu dawo kansa, domin yana sama da Tiassalé ne a kan kogi ɗaya.

To, me ke kai kifi magangara? Ruwan da ke dukan dutse yana tashin kumfa ya fi kowane ruwa ɗaukar iskar da kifi ke shaƙa, musamman da bazara lokacin da ruwan kwance ya yi zafi ya mutu. A jikin duwatsun kuma akwai gansakuka da tsutsotsin ƙwari da ƙananan jatan lande, waɗanda burdo da kawara da 'ya'yan karfasa ke zuwa ci. Inda ƙananan kifi suka taru kuwa, manya masu cin su ba sa nisa. Amma ga abin da dattijon nan ya ce shi ne tushen sana'ar baki ɗaya: babban kifi ba ya zama a cikin ƙarfin ruwa. Ba shi da ƙarfin da zai ɓatar yana kokawa da kogi dare da rana. Yakan laɓe ne a inda ruwa ya yi sanyi, dab da inda yake gudu, kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana jiran kogi ya kawo masa abinci har baki. Ya ce mu dubi masu sayar da ruwan sanyi a tashar motar Adjamé: babu mai tsayawa tsakiyar titi, kowa yana gefen da gbaka ke rage gudu.

Saboda haka aikin farko na masunci shi ne zama. Ya sami tudu ya zauna ya yi ta kallon ruwa, ko da zai ɗauki rabin sa'a bai warware zare ba. Zai ga cewa bayan kowane babban dutse akwai ɗan fili da ruwa ya kwanta, wani lokaci har yana juyawa baya. Zai ga wani layi da kumfa da ganyaye ke bi, wanda shi ne iyaka tsakanin ruwa mai gudu da ruwa mai sanyi, kamar ɗinki tsakanin ƙyalle biyu. Wannan layi shi ne kasuwar kifi, kuma wanda ya iya ganinsa ya yi rabin aiki. Zai ga kuma can ƙasa, inda gudun ya ƙare, ruwa ya yi duhu ya yi shiru. Nan ne kwarmin da kogi ya haƙa da kansa shekara da shekaru, kuma nan manya ke yini. Akwai wuri na huɗu da baƙi ba su cika lura da shi ba, wato can sama kafin ruwa ya karye, inda fuskarsa ta yi sumul kamar an shafa mai amma yana ƙara sauri. Da magariba kifi kan hau nan ya yi kiwo. Sai dai shi ne wuri mafi haɗari a duk magangara, domin wanda santsi ya kwashe a nan, cikin duwatsu kogi zai jefa shi. In masunci bai tabbatar da yadda ruwa ke tafiya ba, sai ya jefa ɗan kara ko ɓawon rake ya bi shi da ido. Inda karan ya tsaya yana kewaye, nan abinci ke taruwa.

Bayan kallo sai jifa. Kuskuren da yaran lagin za su fara yi shi ne su ɗaura dalma mai nauyi su jefa tsakiyar ruwa su zauna jira, kamar yadda suka saba a ruwan Ébrié. A magangara wannan asarar ƙugiya ce kawai, domin dalmar za ta faɗa tsakanin duwatsu ta maƙale. Yadda ake yi shi ne mutum ya tsaya ƙasa da wurin da yake zaton kifi, ya jefa sama da shi a karkace, ya bar ruwa ya gangaro da abincin ƙugiyar ta kan layin kumfar nan, tamkar abin da ya faɗo da kansa. Dalma kuwa a sa daidai wadda za ta riƙa taɓa ƙasa jefi-jefi tana wucewa. In ba a jin tana taɓawa, ta yi sauƙi. In tana tsayawa, ta yi nauyi. Masu dabara sukan ɗaura dalmar da wani siririn zare dabam, don in ta maƙale ita kaɗai ta tsinke, ƙugiya ta tsira. Zaren kada ya yi sako-sako har ruwa ya yi ciki da shi, domin ba za a ji cizo ba. Dalilin tsayawa daga ƙasa kuwa a fili yake: kifi sama yake kallo, wanda ya zo masa ta baya bai gan shi ba. A kiyaye inuwa kada ta faɗa kan ruwa, a kiyaye takawa da ƙarfi a kan dutse, a bar rediyo da hayaniya a gida. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce kifi na ganinka, mai jar koma.

Sarkin wannan wuri shi ne giwan ruwa, wanda a nan ake kira capitaine. A lura, capitaine ɗin da ake sayarwa a kasuwar Treichville sau da yawa na teku ne, wani kifi dabam da suka yi tarayya a suna kawai. Giwan ruwa na kogi yana iya kusantar mita biyu, kuma an sha kama wanda ya haura kilo 100 a manyan ruwayen Afirka. Shi ne aka zuba a tafkin Victoria a shekarun 1950, ya cinye ire-iren ƙananan kifaye masu yawa. Ba ya cin mushe sai da ƙyar. Abin da yake so shi ne kifi mai rai, saboda haka akan kama 'yar karfasa ko kawara kamar tsawon tafin hannu, a soke ta da ƙugiya a gadon baya ba tare da an taɓa ƙashi ba, a sake ta a bakin kwarmi. Lokacinsa daga faɗuwar rana zuwa dare ne, da kuma asubahi, domin idonsa yana gani a duhu fiye da na kifin da yake farauta. Wanda ya taɓa haska shi da tocila ya ga yadda idon ke ƙyalli kamar na kyanwa. Ba ya yin cizo irin na tarwaɗa, zuƙe kifin yake yi gaba ɗaya, sai kawai a ji zare ya yi nauyi ya fara tafiya. A nan ne ake gane gwani. Da ya ji ƙugiya, duwatsu zai nufa don ya goga zaren ya tsinke, kuma a jikin marfin kunnensa akwai kaifi da ke yanka zare kamar aska. In ya ga haka bai yi ba, sai ya yi tsalle sama yana girgiza kai. Dole kamu ɗaya ko biyu na ƙarshen zaren ya zama mai kauri sosai, kuma dole a juya kansa daga duwatsu tun a gudun farko. Dattijon ya nuna mana wani tabo da ya zagaye yatsunsa biyu na dama. Ya ce yana saurayi ya naɗe zare a hannu, giwan ruwa ya ja, da mahaifinsa bai sa wuƙa ya yanke zaren ba da ko dai yatsun sun tafi ko shi ya bi su. Tun daga ranar a kan guntun itace yake naɗe zare.

Tsage kuwa halinsa dabam. Yakan shiga cikin gudun ruwa da rana tsaka yana korar kawara, jikinsa kamar azurfa, haƙoransa a waje kamar ƙusoshi. Zaren leda ba ya yi masa komai, sai an haɗa ɗan guntun waya tsakanin ƙugiya da zare. Yana son abu mai ƙyalli mai motsi, shi ya sa tun kafin a fara kawo na kanti masunta ke fafe bakin cokali su huda shi su ɗaura masa ƙugiya, a jefa a ƙetaren ruwa a jawo da sauri. Bakinsa ƙashi ne, don haka cikin cizo biyar in an fitar da ɗaya an yi ƙoƙari, kuma bayan an fitar da shi kada a kusantar da yatsa ko da ya daina motsi. Ragon ruwa da dinko suna cikin ramukan duwatsu, da dare suke fita, tana ko yankan kifi ya ishe su. Kurungu shi ne zai fi yawan faɗa wa yara a hannu, kuma shi ne zai fi sa su kuka, domin ƙayoyinsa uku in ya miƙe su sukan kafe, sukarsu kuma tana da raɗaɗi. Minjirya kuwa, in ta hau ƙugiya, a yanke zaren a huta, sai in mutum yana son ya ɗanɗani wutar da ba ta kamfani ba.

Abin sha'awa, wannan ilmi ɗaya ne a duk inda kogi ke gudu. A Amurka da Kanada akwai wani kifi da suke kira walleye, mai ido irin na giwan ruwa, wanda shi ma da magariba yake fita kiwo a gindin magangara, da wani kuma mai suna smallmouth bass da ke laɓewa bayan duwatsu. Masu kama su suna da sanduna masu tsada da na'urar duba zurfi, amma in aka saurari bayaninsu sai a ji layin kumfar nan ne dai, da jifa sama a bar ruwa ya gangaro da abinci. Bambancin da ya kamata mu yi koyi da shi guda ne. A can hukuma ta ƙayyade girman kifin da za a ɗauka da adadinsa, kuma a wurare da yawa akan rufe kamu a lokacin da kifi ke zuba ƙwai.

Kowane wata kuma da irin ruwansa. Mutanen Yauri da Gaya sun san cika biyu a shekara: farin ruwa na damina mai laka, wajen Agusta zuwa Oktoba, da baƙin ruwa mai tsabta wanda ke tasowa daga duwatsun Gini, ya yi jinkiri a fadamun Mali, ya iso da sanyin hunturu. Idan ruwa ya fara hawa, kifi kan bi shi sama ya shiga fadama don ya hayayyafa, sai masu gura da undurutu su kafa su a ƙananan hanyoyin gefen magangara, baki na kallon ƙasa. Idan ruwa ya fara janyewa sai a juya bakin. A cikin ruwan laka kifi ba ya gani sosai, yakan matso gaɓa, kuma abinci mai wari ya fi aiki. Idan ruwa ya ja baya ya yi garau, kifi na taruwa a kwarmi amma ya yi wayo, sai siririn zare da haƙuri. Kalli ba ya tsayuwa a gudun ruwa, sai a majuya. Birgi kuwa wanda ya jefa shi kan duwatsu, ya shirya kwana yana ɗinki. Ga abin da ya shafi takardar uwargida kai tsaye: dogon hutun makaranta a ƙasar nan yana faɗawa ne daidai lokacin da Bandama ke hawa, cikarsa kuma wajen Satumba zuwa Oktoba. Wato yaran sun zaɓi lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, ya fi laka, duwatsun tsayawa sun nutse, kifi kuma ya watsu cikin ciyawa. Masu abin sun fi son rani, wajen Janairu zuwa Maris.

Yanzu sai maganar da ta hana uwargida barci. Tsoronta yana kan hanya. Iya iyo a lagin ko a bakin teku ba ya ceton mutum a magangara. Ruwan da bai wuce gwiwa ba yana iya kayar da ƙato in yana gudu, dutsen da gansakuka ta rufe kuwa ya fi sabulu santsi. Abin da ya fi kashe mutane shi ne ƙafa ta shiga tsakanin duwatsu biyu, ruwa ya danne mutum ya kifa shi, ko da a wurin da bai kai ƙirji ba. Don haka wanda ruwa ya ɗauka kada ya yi ƙoƙarin miƙewa tsaye. Ya kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna sama, ya bar ruwa ya kai shi inda ya yi sanyi sannan ya nemi gaɓa. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa ceto, ya miƙa gora ko ya jefa igiya, domin sau da yawa gawa biyu ake fitarwa a maimakon ɗaya. Sannan ga Taabo da muka ce a riƙe. Kogin da ke ƙasa da madatsar lantarki ba ruwan sama kaɗai yake bi ba. Idan aka buɗe injuna ko ƙofofi, ruwa na iya hawa alhali sama garau babu ko gajimare, dutsen da aka taka aka hau da safe ya zama tsibiri. Mutanen wurin sun san alamunsa, suna ganin ruwa ya sauya launi ko ya fara kawo shara sai su tattara. Baƙo bai sani ba. Rigar ruwa kuwa, wadda ake samu a wajen masu sayar da kayan jirage, kuɗinta bai kai na takalmin ƙwallon da yaran nan ke sawa ba.

Akwai wani haɗarin da ba ya nuna kansa sai bayan shekaru. Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda yana hayayyafa a jikin duwatsun ruwa mai gudu, kuma cizonsa ne ke kawo cutar makantar kogi, mai farawa da ƙaiƙayi da kurarraji. Ita ce ta tashi garuruwa da dama daga bakin koguna a da, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gangamin yaƙi da ita a Afirka ta Yamma daga 1974 zuwa 2002, ana feshi da jiragen sama, daga baya aka shiga rabon ƙwayar Mectizan kyauta. A Janairun 2025 hukumar ta tabbatar da cewa Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka. Kodebuwa da Nijeriya ba su kai nan ba tukuna. Tafiyar yini ɗaya ba ta cika jawo ta ba, sai yawan cizo na tsawon lokaci, amma duk da haka a sa riga mai dogon hannu da dogon wando, domin da rana ƙudan ke cizo kuma ƙafafu ya fi nema. A ruwan kwance na gefen kogi kuma akwai tsargiya. Yaron da ya dawo yana fitsari da jini a kai shi likita, kada a ce alamar balaga ce kamar yadda wasu ke faɗa a ƙauye.

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo wani abu da ya sa dattijon ya ɓata rai. Ya ce a zamaninsu ma akwai masu zuba magimfa a ruwa, amma Sarkin Ruwa yana hukunta wanda ya wuce iyaka. Daga baya aka koma zuba gamalin da sauran magungunan ƙwari a kwarmi da rani, lokacin da kifin kogi duka ya taru wuri ɗaya, a kashe babba da ƙarami a dare guda, a kai kasuwa mutane su ci guba. Wasu kuma gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi suke ja a ruwa, su kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Dokar kamun kifi ta ƙasar nan ta 2016 ta haramta guba da nakiya, kuma wanda aka kama ya kuka da kansa, balle baƙo. Mu da muke aika kuɗi gida a sayi raga, ya kamata mu riƙa tambayar faɗin idonta kafin mu aika. Manyan giwan ruwa kuwa yawancinsu mata ne, kowace tana ɗauke da miliyoyin ƙwai, saboda haka wanda ya kama matsakaita biyu ya saki uwar bai yi asara ba. Tuni ma mafi yawan kifin da ake ci a ƙasar nan daga waje ake shigo da shi a daskare cikin kwali, ga kuma masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba sun dama kogunan da laka.

To, uwargida, ga abin da muka gani. In aka hana yaro mai shekara 16 abin da ransa ke so da tsawa kawai, sau da yawa yakan tafi a ɓoye, kuma tafiyar ɓoye ita ce wadda babu babba a cikinta. Mu a namu ganin, tafiyar hutun damina kam a soke ta, wannan babu sassauci. A ɗaga ta zuwa rani, a tafi da babban mutum, a nemi masuncin garin ya yi jagora a biya shi ladansa, kowane yaro da rigar ruwa, kuma a fito daga kan duwatsu kafin duhu, ko da kuwa lokacin ne giwan ruwa ke fara ci. Kamun dare na waɗanda suka shekara a wurin ne.

Da muka karanta wa dattijon takardar, ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Ku ce wa uwar yaron ta turo mini shi ranar Lahadi bayan la'asar, shi da abokan nasa." Muka ce, "Baba, da fatsarsu za su zo?" Ya ce a'a, su bar ta a gida, su zo da zare kamu biyar-biyar da ƙugiya ɗaya kowannensu, zai fara ganin yadda suke ƙulli. Wanda ƙullinsa ya kwance a hannunsa, in ji shi, babu inda za shi. Mun isar da saƙon ta hannun wanda ya kawo takardar, kuma duk mai son ɗansa ya shiga cikinsu yana iya yi wa sakataren ƙungiya magana bayan sallar Juma'a. Zancen jima da dukanci kuwa sai a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.